SHARHI: Ramukan dalmar Zurak da bashin da Filato ta gada daga masu haƙar ma'adinai

A tsakiyar watan Fabrairun 2026 aka wayi gari da labarin mutuwar masu haƙar ma'adinai fiye da 30 a Kampanin Zurak, cikin Ƙaramar Hukumar Wase ta Jihar Filato. Rundunar 'yan sandan jihar ta ce mutum 37 ne suka rasu, wasu fiye da 20 kuma aka garzaya da su asibiti, bayan sun shaƙi iska mai guba a cikin ramin da suke aiki. Ƙasa ba ta rufta musu ba, ba a kuma kai musu hari ba. Numfashi ne ya gagare su a ƙarƙashin ƙasa.

Ministan Bunƙasa Ma'adinai, Dele Alake, ya bayar da umarnin rufe wurin tare da gudanar da bincike. A cikin bayanin da ma'aikatarsa ta fitar akwai abubuwa biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, wurin tsohon ramin dalma ne da aka daina aiki a cikinsa. Na biyu, kamfanin da ke riƙe da lasisin yankin ya sakar wa mutanen gari ramin ne bayan sun matsa lamba a ba su abin da za su riƙa samun na abinci.

Waɗannan bayanai biyu sun tattaro matsalar gaba ɗaya. A Najeriya, idan aka ce an rufe ramin ma'adinai, galibi abin da ake nufi shi ne mai shi ya kwashe injinansa ya tafi. Ramin yana nan a buɗe, ma'adinin da ya rage yana nan, talaucin da ke kewaye da shi ma yana nan, sai dai babu wanda doka ta tsare a kan ya amsa tambaya idan wani abu ya faru. Jihar Filato ta fi kowace jiha sanin wannan, domin birnin Jos da kansa a kan haƙar ma'adinai ya ginu, kuma har yau yana zagaye da ramukan da aka bar masa.

Daga tozali zuwa kamfani

Dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Dutsen da ake samun ta a cikinsa, wanda masana ke kira galena, shi ne baƙin dutse mai nauyi da ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali ko kwalli. Tun kafin zuwan Turawa mutanen kwarin Binuwai suna tono shi, fatake kuma suna kai shi kasuwanni. Haka nan kuza: maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano da Ririwan Dalma ta ƙasar Bauchi sun daɗe suna narka ta, kuma kayansu ne suka sa Turawan Kamfanin Neja suka fara bin sawu don gano inda take fitowa.

Zurak tana kan wani dogon zirin ƙasa mai ɗauke da dalma da tutiya, wanda ya taso daga Ishiagu da Abakaliki a Jihar Ebonyi, ya ratsa Arufu da Akwana a Taraba, ya bi ta Wase, ya kai Gwana a Jihar Bauchi. Tsawonsa ya haura kilomita 500. Ba kamar kuzar Jos ba, wadda ake wanke ta daga yashi da tsakuwar tsofaffin koramu, dalmar wannan ziri tana kwance ne a cikin tsagogin dutse, kamar jijiyoyi, suna nutsawa ƙasa. Sau da yawa akan same ta tare da tutiya da 'yar azurfa.

A zamanin mulkin mallaka, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kamfanonin Turawa sun haƙi dalma a Abakaliki da Zurak. Aikin bai taɓa kai girman na kuza ba. Wurin yana da nisa da layin dogo, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da yawa, farashin dalma kuma yana hawa da sauka. Suka yi iya yinsu suka watse. Amma sunan da ya bi garin, Kampani, ya isa shaida cewa ramin ne ya tara mutanen da ke wurin.

Buƙatar dalma ba ta mutu ba. Mafi yawan wadda ake amfani da ita a duniya yau tana tafiya ne wajen ƙera baturan mota da na ajiye wutar lantarki. Da farashi ya tashi a shekarun 2000, musamman saboda masana'antun ƙasar Sin, sai tsofaffin ramukan kwarin Binuwai suka sake samun masu nema. Wasu sun zo da lasisi da manyan injina, wasu kuma da diga da shebur da igiya.

Yadda ramin ke aiki, da abin da ke biyo bayan barinsa

Don a fahimci abin da ya faru a Zurak, sai an san yadda ramin dalma ke aiki. Tun da ma'adinin yana bin tsagar dutse ne zuwa ƙasa, masu haƙa sukan fara da buɗaɗɗen rami, idan ya yi zurfi sai su nutsa da rami tsaye kamar rijiya, daga nan su yanka hanyoyi ta gefe suna bin jijiyar. Ana fasa dutsen da nakiya ko da guduma, a fito da shi sama, a farfasa, a wanke, a ware mai nauyi daga marar amfani. Abin da ya rage sai a tara shi tsibi-tsibi a bakin ramin.

Abubuwa uku ne ke riƙe da ran mutumin da ke ƙasa. Akwai injin da ke zuƙe ruwa, domin duk ramin da ya wuce matakin ruwan ƙasa cika yake yi idan aka bar shi. Akwai itatuwa ko ƙarafan da ke tokare rufin hanyoyin. Sannan akwai hanyar iska, wato ƙofofi aƙalla biyu da fankar da ke tura sabuwar iska ciki tana korar gurɓatacciya. Dukkan ukun kuɗi suke ci kullum, kuma su ne farkon abin da ke tsayawa ranar da kamfani ya daina aiki.

Daga nan ramin yakan fara canzawa da kansa. Dutsen dalma da na tutiya duk suna ɗauke da farar wuta. Idan suka daɗe suna haɗuwa da iska da danshi sai su riƙa cinye iskar oksijin da ke cikin ramin, ruwan da ke kwance kuma ya koma mai tsami yana narkar da ƙarafa. Itacen tokara yana ruɓewa, shi ma yana cin oksijin. Iska mai nauyi takan taru a lungunan da suka fi zurfi. Mutum zai iya shiga irin wannan wuri da ƙafarsa, fitilarsa tana ci, ya yanke jiki ya faɗi kafin ya gane abin da ke faruwa.

Cikin iskokin da 'yan sanda suka ambata a Zurak akwai kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da kasala, abubuwan da lebura zai ɗauka gajiya ce. Asalinta konewa ce da ba ta kammala ba: hayaƙin janareta ko injin jan ruwa da aka kunna a cikin rami ko a bakinsa, ko hayaƙin nakiya da bai gama fita ba. Saboda haka tambayoyin da ke gaban masu bincike a bayyane suke. Wane inji ke aiki a wurin a daren? Ƙofa nawa ramin yake da ita? Akwai na'urar auna iska ko guda ɗaya? Wa ya duba ramin kafin a miƙa shi ga mutanen gari?

Na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta yi yawa ba ta fi girman wayar hannu ba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da mota ɗaya ta dalma ke kawowa. Rashinta a ramin da mutane da dama ke kwana suna aiki ya nuna matsayin ran lebura a lissafin wannan sana'a.

Jos ta riga ta ga irin wannan

Daga Jos zuwa Wase tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma ma'adinin wuraren biyu ya bambanta. Amma tarihin yadda ake ci a tashi a bar wa mai gida wanke-wanke iri ɗaya ne.

Turawan Kamfanin Neja sun iso tsaunukan Jos a 1902 da 1903 suna neman kuza, suka kafa sansani a Naraguta. Da Birtaniya ta karɓe mulki daga hannun kamfanin a 1900, an yi yarjejeniyar ba shi rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Tun daga tushe ke nan an tsara inda ribar za ta tafi. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan kuma ya iso a 1927. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra domin injinan haƙa. A 1939 manyan kamfanoni suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya yi zamani a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield. Leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno da kudancin ƙasar, garuruwa suka tsiro a bakin ramuka, manoman Berom da maƙwabtansu kuma suka rasa gonaki masu yawa.

Da Japan ta ƙwace Malaya a lokacin yaƙin duniya na biyu, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 aka yi aikin tilas, aka kwaso dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A 1943 abin da aka haƙa ya kai kusan tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi sukutum a kan wannan zamani, wanda ya fito a 1981.

Sai a 1946 aka yi dokar ma'adinai da ta wajabta wa kamfanoni gyara ƙasar da suka tona. Ramukan shekaru 40 da suka gabaci dokar ba su shiga lissafi ba, kuma ko bayanta abin da aka gyara kaɗan ne. An cike wasu wurare an dasa itatuwan turare, waɗanda har yau ake gani a hanyar Bukuru. Daga baya kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara janye jiki, sannan a watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Kamfanoni suka tafi. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da aka lalata ta haura murabba'in kilomita 300.

Abin da aka bari shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da tsibin ƙasa. Mutanen Filato sun yi ƙoƙarin mayar da hasara riba: da ruwan waɗannan kududdufai ake noman rani na tumatir da kabeji da karas da ake lodi zuwa sassan ƙasar, wurin shaƙatawa na Rayfield ma tsohon ramin kuza ne. Amma kusan kowace shekara ana samun yaran da suka nutse a cikinsu. Matasa kuma sun koma tonon da ake kira loto, su nutsa rami tsaye mai faɗin rijiya su bi ta ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har ƙarƙashin gidaje da gonaki, kuma labarin ruftawar irin waɗannan ramuka a Jos ta Kudu da Barikin Ladi da Bassa ya zama ruwan dare.

Abin da Jos ta koyar shi ne ramin da ke da sauran ma'adini ba ya zama kufai. Idan mai jari ya bar shi, marar jari zai shiga, da ƙarancin kayan aiki da ƙarin haɗari.

Gubar da ba ta kisa nan take

Ramin dalma ya fi na kuza sharri ta wata fuska, domin ita dalmar kanta guba ce. Iskar da ta kashe mutane a Zurak ta yi aikinta cikin sa'o'i, kowa ya gani. Ƙurar dalma kuwa a hankali take aiki, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Tana shiga ta baki da hanci, ta zauna a jini da ƙashi, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Kaɗan daga cikinta yana rage kaifin fahimta, mai yawa kuma yana kawo farfaɗiya da suma da mutuwa. Ga masu juna biyu tana iya jawo ɓari. Ko tozalin gargajiya bai tsira ba: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da dalma ta yi yawa a jininsa, aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Arewa ta ga mafi munin wannan a Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Zinariya mutanen ke nema, amma dutsen yana cike da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka shi a turmi, a niƙa shi da injin niƙan hatsi. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Maganin ya kasance mai wuya da tsada: sai an kankare saman ƙasar kowane gida an zuba sabuwa, sannan a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin idan ya koma gurɓataccen gida aikin banza aka yi. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace shi, bayan matsin lambar 'yan fafutuka. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Idan dutsen zinariya mai gaurayen dalma ya yi wannan ɓarna, to garin da dalmar ce kanta ake haƙa, ake fasawa, ake lodi, ake komawa gida da ƙurarta a riga, ya cancanci a auna jinin yaransa tun kafin a fara jin labarin mutuwa.

Ƙasar Zambiya ta nuna tsawon lokacin da wannan bashi ke ɗauka. A garin Kabwe an haƙi dalma da tutiya daga 1906 zuwa 1994. Shekara 30 bayan rufe ramin, garin yana cikin wurare mafi gurɓata a duniya, yara na ci gaba da kamuwa, matasa kuma suna tonon tsibin da aka bari. A 2020 aka shigar da ƙara a Afirka ta Kudu a madadin mazauna garin a kan kamfanin Anglo American, wanda ya musanta alhaki. A watan Disambar 2023 kotu a Johannesburg ta ƙi amincewa a saurari ƙarar a matsayin ta gayya, masu ƙara suka ɗaukaka. Neman diyya bayan kamfani ya tafi tafiya ce mai nisa, kuma talaka ba shi da guzurinta.

Wa ke da alhakin ramin?

A takarda Najeriya ba ta rasa doka ba. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙasar, kuma ita kaɗai ke da ikon yin doka a kansu. Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun tanadi ofishin bayar da lasisi, da sashen sufetocin ramuka, da sashen kula da muhalli. Sun wajabta wa mai lasisi ya gabatar da shirin gyara wuri, ya zuba kuɗi a asusun kare muhalli da farfaɗo da shi, ya kuma ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da yake aiki a cikinta. Dokar ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha.

Matsalar tana wajen rabon iko da rabon wahala. Abuja ke bayar da lasisi, ita ke karɓar haraji. Ƙasar kuwa, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana hannun gwamna. Gawa da marar lafiya da gurɓataccen rafi kuma suna hannun ƙaramar hukuma da hakimi da mai unguwa, waɗanda ba su da ikon hana kowa haƙa. Sufetocin tarayya ba su da yawan da za su riƙa leƙa kowane rami a dazukan da ke iyakar Filato da Taraba da Bauchi, balle a yankin da tsaro ya taɓarɓare. A watan Mayun 2024 'yan bindiga sun kai hari Zurak, rahotanni suka ce an kashe kimanin mutum 40. Inda jami'in gwamnati ke tsoron zuwa, mai sayen ma'adini bai daina zuwa ba.

A cikin wannan giɓi ne al'adar sakar wa gari rami ta samu wurin zama. A ido tana kama da kyauta: kamfani ya samu zaman lafiya da maƙwabtansa, matasa sun samu aiki, shugabannin gari sun samu abin faɗa. Amma abin da aka miƙa shi ne rami ba tare da fanka ko injiniya ko taswirar hanyoyinsa ba. Lasisi yana nan da sunan kamfani, haɗari kuma ya koma kan wanda ba shi da ko hular kwano. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci moriyar rami lokacin da yake bayarwa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin rufe shi ko gyara shi kafin wani ya shiga.

Rufewa a takarda

Martanin hukumomi kusan iri ɗaya ne a kowane lokaci. A 2017, zamanin da Kayode Fayemi ke ministan ma'adinai, gwamnatin tarayya ta kai samame yankin Zurak, ta dakatar da aiki, aka kama mutane ciki har da 'yan ƙasar Sin bisa zargin haƙa ba bisa ƙa'ida ba. A watan Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, aka ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba a daina tono ba. A watan Maris na 2024 aka ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai fiye da 2,000 daga rundunar Sibil Difens. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin Filato, yana kafa hujja da matsalar tsaro da lalacewar muhalli da yaran da ke barin makaranta, daga baya aka sahale wa kamfanonin da aka tantance su koma aiki. Shekara guda bayan wannan umarni aka binne mutanen Zurak.

Ba a ce waɗannan matakai ba su da dalili ba. Akwai alaƙa ta gaske tsakanin ramukan daji da kuɗin da ke shiga hannun 'yan bindiga, kuma gwamnan da ke ganin yara suna barin aji suna shiga loto yana da hujjar ɗaukar mataki. Sai dai umarnin rufewa ba ya cike rami, ba ya toshe ƙofarsa, ba ya ciyar da wanda ya dogara da shi. Abin da yakan yi shi ne ya kori mai lasisin da za a iya kamawa da laifi, ya bar wurin ga masu aikin dare. Ta haka kowane sabon umarni yana iya ƙara yawan ramukan da ba su da mai su, wato ainihin irin ramin da ya yi kisa a Zurak.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ya kamata a san kowane tsohon rami a Filato, zurfinsa, ma'adininsa, sunan mai lasisinsa na ƙarshe, da nisansa da gidaje da ruwan sha, a kuma wallafa jerin kowa ya gani. Jos ba ta rasa masu wannan aiki ba. A cikinta Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa ta Najeriya take, da Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa, da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Jos.

Na biyu, a raba ramukan gida biyu. Wanda ya ƙare ko ya fi ƙarfin gyara a toshe shi da kankare ko a cike shi, a killace tsibin da ke bakinsa. Wanda ke da sauran amfani kuma, idan za a ba mutanen gari, a ba su ta hanyar ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista da ƙaramin lasisi, kamar yadda dokar 2007 ta tanada, bayan sufeto ya shiga ya duba, tare da fanka da na'urar auna iska da horo. Duk kamfanin da ya miƙa rami ba ta wannan hanya ba, alhakin abin da ya faru a ciki ya ci gaba da zama a wuyansa.

Na uku, kuɗin gyara a karɓe shi tun ana cikin cin riba. Asusun da doka ta tanada ya kamata a bayyana nawa ke cikinsa, wa ya zuba, wane rami aka gyara da shi. Ramukan zamanin Turawa da ba su da magaji kuwa nauyin gwamnatin tarayya ne, tun da ita ta gaji harajinsu.

Na huɗu, a auna jinin yara da mata masu ciki a Zurak da sauran garuruwan dalma na Wase, a auna ƙasar gidaje da rijiyoyi, a hana fasa dutse da ajiye shi a cikin gari. Likitoci da ma'aikatan muhallin da suka yi aikin Zamfara da Shikira suna nan, kuma sun san hanya.

Na ƙarshe, rahoton binciken Zurak ya fito fili, da sunayen waɗanda suka yi sakaci da abin da aka biya iyalan mamatan. An saba kafa kwamiti a lokacin da ake zaman makoki, a manta da shi bayan sadakar arba'in. Idan wannan ma ya bi sahu, dalma tana nan a ƙarƙashin Wase, masu saye suna nan, kuma matasan da ba su da wata sana'a za su koma cikin ramin da zarar jami'an tsaro sun janye daga bakinsa.